Gani Ya Kori Ji: Nazarin Fassarar Ingilishi ta Kashi na 25 na Wasan Pokémon

1.0 Gabatarwa

Fassara tsohuwar sana'a ce wadda manazarta suka daɗe suna tafka muhawara a kan iyakokinta. Wasu na ganin cewa mai fassara ɗan aike ne, ba ya ƙari ba ya ragi. Wasu kuwa suna ganin yana da damar ya ɗinka wa saƙo rigar da za ta dace da jikin mutanen da zai kai wa. Yawancin wannan muhawara an gina ta ne a kan rubutaccen adabi, wato ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo na karantawa. To amma akwai wani nau'in fassara da 'ya'yanmu da ƙannenmu suka fi cin karo da shi a akwatin talabijin da wayar hannu, shi ne ɗora murya, inda ake cire muryoyin 'yan wasa na asali a maye gurbinsu da na wani harshe, hoton kuwa a bar shi yadda yake.

Manufar wannan maƙala ita ce mu ɗauki kashi guda daga wasan zane mai motsi na ƙasar Japan, irin wanda ake kira anime, mu aza asalinsa na Japananci kusa da fassararsa ta Ingilishi, mu ga abin da ya tsira da abin da ya salwanta a hanya. Kashin da muka zaɓa shi ne na 25 na wasan Pokémon. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa mai ɗora murya yana da 'yancin sauya abin da kunne kaɗai ke ji, amma ba shi da wannan 'yanci a kan abin da ido ke gani, domin duk sa'ad da magana ta saɓa wa hoto, to mai kallo hoton zai gaskata.

2.0 Asalin Wasan da Taƙaitaccen Labarin Kashin

Pokémon ya fara ne a matsayin wasan kwamfuta na hannu wanda Satoshi Tajiri ya ƙirƙiro, aka fitar da shi a Japan a shekarar 1996. A ranar 1 ga Afrilu 1997 gidan talabijin na TV Tokyo ya fara nuna shi a matsayin zane mai motsi, wanda kamfanin OLM ya shirya a ƙarƙashin jagorancin Kunihiko Yuyama. Kamfanin 4Kids Entertainment na Amurka ne ya ɗora masa muryoyin Ingilishi, aka fara nunawa a can a watan Satumba na 1998. Wannan fassara ta Amurka ita ce ta yaɗu a ƙasashen da ke amfani da Ingilishi, saboda haka mafi yawan waɗanda suka san wasan a wajen Japan ta bakin Amurkawa suka san shi.

Kashi na 25 ya fito a Japan a watan Satumba na 1997, a Amurka kuwa a watan Oktoba na 1998. Labarinsa ba mai sarƙaƙiya ba ne. Tauraron wasan, yaro ɗan shekara 10 mai suna Satoshi, yana kan hanyar zuwa birnin Tamamushi tare da abokan tafiyarsa, Kasumi da Takeshi. Ransa a ɓace yake saboda ya ji cewa abokin gasarsa Shigeru ya fi shi yawan halittun da ya kama. Suka yada zango don cin abinci, sai ga wata halitta mai kama da biri, mai suna Mankey, ta fito. Takeshi ya ba ta ɗan abinci daga cikin guzurinsu. Tana cikin ci sai Satoshi, don gaggawa, ya jefa mata ƙwallon kamu, ita kuwa ta jefa abincin ya tare ƙwallon, aka wayi gari abin da yaron ya kama abinci ne. Birin ya fusata, ya bi su da gudu, ya lakaɗa wa Satoshi duka, ya kuma ƙwace masa hularsa hana-salla wadda ya samu da ƙyar a wata gasa ta aika katin wasiƙa. Daga nan miyagun wasan suka iso, ɗayansu ya shuri birin, fushinsa ya ƙaru har ya rikiɗa ya zama wata halitta mafi ƙarfi da zafin rai. A ƙarshe Satoshi ya yi nasarar kama shi da taimakon ƙadangarensa mai aman wuta.

Jigon kashin dai gargaɗi ne a kan gaggawa da rashin haƙuri, kuma wannan jigo ya isa ga masu kallon Ingilishi lafiya lau. Bambancin yana cikin ƙananan abubuwa ne, waɗanda su ne ke ba labari ƙamshin ƙasar da ya fito.

3.0 Inda Masu Fassara Suka Yi Rawar Gani

Yabon gwani ya zama dole, saboda haka kafin mu kai ga suka ya kamata mu nuna wuraren da masu fassarar suka nuna ƙwarewa.

Da farko akwai sunan kashin. A Japananci sunansa Okoranaide ne Okorizaru, ma'ana roƙo ne ga birin cewa kada ya yi fushi. Armashin sunan yana cikin wasa da kalmomi, domin sunan halittar, Okorizaru, haɗi ne na kalmar fushi da kalmar biri. Ingilishi ba shi da hanyar kawo wannan luguden sauti, sai masu fassara suka sa wa kashin suna Primeape Goes Bananas. A maganar Amurkawa ta yau da kullum, idan aka danganta mutum da ayaba ta wannan siga ana nufin ya haukace ko ya harzuƙa, ga shi kuma kowa ya san ƙawancen biri da ayaba. Ke nan an rasa wasa da kalma guda, an samo wani a madadinsa, ma'anar fushi kuma ba ta ɓace ba.

Na biyu akwai sunayen miyagun wasan. A asali sunansu Musashi da Kojiro, waɗanda aka aro daga shahararrun mayaƙan takobi biyu na tarihin Japan, Miyamoto Musashi da Sasaki Kojiro, da suka yi fito-na-fito a wani tsibiri a shekarar 1612. Yaron Japan da ya ji sunayen nan a tare zai yi murmushi, ganin an laƙaba sunayen manyan jarumai ga wasu ragwaye biyu da kullum ake kora. Yaron Amurka ba zai ji komai ba. Don haka aka mai da su Jessie da James, wato aka raba sunan ɗan fashin nan Jesse James, wanda ya addabi bankuna da jiragen ƙasa kafin a kashe shi a 1882, aka ba kowannensu rabi. Raha ta tsira ko da yake tarihin da aka jingina ta da shi ya sauya.

Na uku akwai kyanwarsu mai magana, Nyarth, wadda a Japananci take ƙare jimlolinta da sautin kukan kyanwa. A Ingilishi an sa mata suna Meowth, aka kuma ba ta karin harshe irin na 'yan tasha na birnin Niyok. Dabarar ta bambanta, amma sakamakon ɗaya ne, wato da zarar ta buɗe baki an san ita ce.

Akwai kuma asarar da ba laifin kowa ba ce. Japananci yana da wakilan suna da dama na mai magana, kowanne da irin halin da yake nunawa. Satoshi yana kiran kansa da ore, kalmar da ke nuna yaro mai ji da kansa da ɗan taurin kai. Ingilishi kalma ɗaya tak yake da ita a wannan gurbi, saboda haka sai Veronica Taylor, wadda ta yi muryar yaron, ta nemi wannan hali ta hanyar kaushin murya. Abin lura a nan shi ne, a Japan ma mace ce, Rica Matsumoto, ta yi muryarsa. Muryar Pikachu kuwa, ta Ikue Otani, an bar ta yadda take, tun da ba ta da kalmomin da za a fassara.

Duk waɗannan misalai suna da sifa guda. Sauyin ya tsaya a kunne, babu wani abu a cikin hoton da zai tashi ya ƙaryata shi. Fuskar yaro ba ta ɗauke da rubutun da ke cewa sunansa Satoshi, don haka idan an kira shi Ash, ido ba shi da ta cewa.

4.0 Dunƙulen Shinkafa da Aka Kira Donat

Yanzu sai mu koma ga guzurin Takeshi, wanda a fassarar Ingilishi ake kira Brock. Abin da yake riƙe da shi a hannu shi ne onigiri, wato dafaffiyar shinkafa da ake dunƙulewa da hannu, galibi mai kusurwa uku, a sa mata ɗan gishiri, a naɗe gindinta da busasshiyar ciyawar teku baƙa, wani lokaci a cusa kifi ko wani ɗan itace mai tsami a tsakiya. Sunan ya samo asali ne daga aikatau nigiru, wato damƙewa ko dunƙulewa. Abinci ne na matafiya da 'yan makaranta da ma'aikata, kuma ya daɗe a tarihin ƙasar. Bahaushe da ya san curin fura a matsayin guzurin matafiyi, ya kuma san malmalar tuwon shinkafa, ba zai sha wahalar gane matsayin wannan abinci ba.

A hoton da aka nuna wa yaran Amurka ba a taɓa komai ba. Ga abu nan fari fat, mai kusurwa uku, da baƙin ƙyalle a gindinsa. Amma muryar Eric Stuart, wanda ya yi Brock, sai ta shiga yabon abin da cewa donat ne, wai ma irin wanda ake cusa wa zaƙi a ciki, kuma wai babu abin da ya fi shi daɗi. Donat kuwa soyayyen fulawa ne mai sukari, launinsa ja-ja kamar fanke, siffarsa a kewaye. Babu ta inda ya yi kama da abin da ke hannun yaron.

A ganinmu wannan sauyi ya jawo asara iri uku. Ta farko ta shafi halin tauraro. Tun a kashi na 5 an nuna mana Takeshi a matsayin babban wa wanda iyaye suka bar wa ƙanne masu yawa, shi ne mai dafa musu abinci, shi ne mai yi musu ɗinki. Da ya bi Satoshi yawon duniya sai ya ci gaba da wannan hidima. Onigiri abinci ne da hannu ke yi, kuma a idon ɗan Japan yana tuna masa da gida da kulawar uwa. Idan Takeshi ya miƙa wa baƙuwar dabba irin wannan abinci, mai kallo ya ga alheri daga hannun mai renon wasu. Donat kuwa a tunanin yawancin masu kallo abin kanti ne, ana saye a ci don marmari. Da kalma ɗaya an mai da mai girki ya zama mai sayen kayan kwalama.

Ta biyu ta shafi amincin labarin. Abincin nan ba ado ba ne da aka ajiye a gefe. Shi ne ya jawo birin, shi ne aka jefa, shi ne ya shiga cikin ƙwallon kamu, kuma an nuna shi kusa-kusa fiye da sau ɗaya. Duk lokacin da ya bayyana, ido yana faɗin abu ɗaya kunne yana faɗin wani. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya san donat ya san ba shi ne wannan ba, kuma daga ranar ya fahimci cewa mai ba shi labari yana iya faɗa masa abin da ba haka ba. Shaidar wannan ita ce, yaran da suka kalli kashin a 1998 sun girma, kuma maganar donat ɗin Brock ta zama abin barkwanci a tsakaninsu a intanet, har ta zama misalin da ake bugawa idan ana zancen fassarar da ta wuce gona da iri.

Ta uku ita ce mafi girma, wato asarar ilimi. Wasan ya zo wa yaro da wata ƙofa da zai leƙa ya ga cewa akwai wata ƙasa inda yara irinsa ke tafiya da dunƙulen shinkafa a jaka. Masu fassara suka rufe wannan ƙofa, suka nuna masa cewa duk duniya abin da yake ci ake ci.

5.0 Hujjojin Masu Kare Fassarar

Adalci ya buƙaci mu saurari ɗaya ɓangaren. Hujja ta farko da za a iya kawowa ita ce ta motsin baki, wato dole maganar da aka ɗora ta yi daidai da buɗewa da rufewar bakin zanen. Wannan matsala ce ta gaske a aikin ɗora murya, amma ba ta shafi wannan wuri ba. Yadda ake faɗin dunƙulen shinkafa da Ingilishi gaɓa biyu ne, daidai da kalmar donat, saboda haka duk inda ɗaya ta shiga ɗayar ma za ta shiga.

Hujja ta biyu ita ce ta kasuwa. A wancan lokaci kamfanin yana sayar da wasan ne ga gidajen talabijin da ke nuna shi ga ƙananan yara, kuma ana tsoron kada baƙon abu ya kore su. Wannan hujja tana da nauyi, domin kuwa wasan ya karɓu ƙwarai, kuma ba za a raba karɓuwarsa da ƙoƙarin masu fassarar ba. Sai dai muna tambaya, yaron da ya amince da ɓera mai fitar da wutar lantarki daga kumatunsa, da ƙadangare mai wuta a wutsiya, da kyanwa mai magana, shi ne shinkafa za ta rikita? Ban da haka, su kansu masu fassarar ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, domin a wani kashi daga baya sun kira abincin da sunansa na dunƙulen shinkafa, kuma wasan bai rasa masu kallo ba saboda haka.

Da tafiya ta yi tafiya kamfanin ya gane cewa hoto na ƙaryata shi, amma maimakon ya gyara maganar sai ya koma gyaran hoton. A wasu kashe-kashe na shekarun baya an goge dunƙulen shinkafar an zana burodi mai haɗi a wurinsa. Haka kuma da kamfanin ya ɗauki wasan One Piece a 2004, ya mai da tabar da ke bakin wani tauraro ta zama alewa mai tsinke. Batun taba ana iya yi masa uzuri da kare tarbiyyar yara, amma shinkafa ba ta ɓata tarbiyyar kowa. A 2006 aikin fassarar Pokémon ya bar hannun 4Kids ya koma hannun reshen kamfanin Pokémon na Amurka.

Akwai wani misali daga rayuwar shi wannan Takeshi da ke nuna haɗarin irin wannan sauyi a labari mai dogon zango. A kashi na 5, asalin Japananci ya ce mahaifiyarsa ta bar gida ne, fassarar Ingilishi kuwa ta ce ta rasu. Bayan wasu shekaru sai masu wasan a Japan suka fito da ita da ranta da lafiyarta, ya zama dole masu kallon Ingilishi su ga matar da aka ce musu ta mutu tana yawo a cikin gidanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman ga mai fassara labarin da marubucinsa bai gama rubutawa ba.

6.0 Baddala a Takarda da Baddala a Majigi

Mai karatu zai iya cewa, ai abin da Amurkawan nan suka yi shi ne abin da muke yaba wa Abubakar Imam a kansa. A cikin Magana Jari Ce, wanda ya fito a littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da wasu al'ummu, ya sauya musu sunaye da garuruwa da tufafi da abinci, har suka zama kamar a ƙasar Hausa aka haife su. Wannan shi ne abin da manazarta ke kira baddala, kuma babu mai cewa Imam ya ci amanar kowa.

Bambancin a fili yake. Imam ya riƙe labarin gaba ɗayansa a hannunsa. Idan ya ce tuwo, to tuwo mai karatu zai gani a zuciyarsa, domin kalmar marubuci ita ce ke haifar da hoton. Bai kuma ce wa kowa ga fassarar littafin wane ba, sabon gini ya yi da tsohon tubali. Mai ɗora murya kuwa rabin aikin kawai aka damƙa masa. Ɗaya rabin, wato hoton, wani ya riga ya zana shi, kuma yana nan tsaye a gaban mai kallo a matsayin shaida. Wanda ya yi baddala a kan rabi ya bar rabi, ya haifar da abin da bai zama fassara ba bai kuma kai baddala ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin tun daga shekarun 2010 sana'ar ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya da na wasu ƙasashe ta bunƙasa, musamman a Kano, inda kamfanoni irin su Algaita suka yi suna. Masu wannan sana'a suna fuskantar irin zaɓin da ya fuskanci masu fassara Pokémon a kowace jimla. Idan suka sa wa ɗan wasa laƙabi na Hausa, ko suka musanya barkwancin da ba zai ba Bahaushe dariya ba da wanda zai ba shi, suna kan turbar Jessie da James ne, kuma muna yaba musu. Amma ranar da aka nuna wani abinci ko wata al'ada ta mutanen can, aka kira ta da sunan wani abu namu da bai yi kama da ita ba, to an faɗa ramin donat. Ɗalibanmu da ke nazarin fassara, waɗanda wasunsu wannan sana'a za su shiga, ya kamata su riƙe wannan bambanci.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun kwatanta kashi na 25 na wasan Pokémon a harshensa na asali da fassararsa ta Ingilishi. Mun ga cewa masu fassarar sun yi nasara a sunan kashin da sunayen miyagu da karin harshen kyanwa, domin a waɗannan wurare sun musanya raha da raha ba tare da hoto ya ƙaryata su ba. Mun kuma ga cewa sun yi tuntuɓe a kan dunƙulen shinkafa, inda suka rage wa tauraro halinsa, suka sa mai kallo shakkar mai ba shi labari, suka kuma hana yaro sanin yadda wasu ke rayuwa. Tushen wannan tuntuɓe raina fahimtar yaro ne, tun da ƙwarewar harshe ba ta gaza musu a sauran wuraren ba.

Shawararmu ga mai ɗora murya, ko da wane harshe yake aiki, ita ce ya tambayi kansa kafin kowane sauyi, shin akwai abin da ke cikin hoton da zai musa wannan magana? Idan babu, yana da sarari ya nemi abin da zai fi shiga kunnen mutanensa. Idan akwai, to ya kira abin da sunansa, ko ya bayyana shi da kalmomi kaɗan masu sauƙi. Da a ce Brock ya ce dunƙulen shinkafa ne, iyakar abin da zai faru shi ne wani yaro ya juya ya tambayi mahaifiyarsa yadda ake dunƙule shinkafa, kuma irin wannan tambaya riba ce ga mai fassara.